Kambu a Abuja, Kurkuku a Kano: Bakin Ɗan Fim da Siyasar Bukukuwan Fina-finai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta isar su sauraro, da kuma waɗanda sabis ɗin garinsu irin namu ne na nan Rurum Sabon Gari, sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya tafi.

Abin da ya jawo maganar yau wata gardama ce da aka yi a shagon da ake tura mana fina-finai a waya. Wani abokinmu ya ce shi fa duk ɗan fim ɗin da ya buɗe baki ya yi maganar siyasa ko ya soki hukuma, to ya sauka daga layinsa, ya tsaya ya yi fim ɗinsa kawai. Wani kuma ya ce a'a, ai ɗan fim ɗan ƙasa ne, yana da baki kamar kowa. Aka yi ta ja har aka kira sallar isha'i, ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Na koma gida ina tuna wani labari da yawancin masu sauraronmu suna yara lokacin da ya faru, wasu ma ba a haife su ba. Shi zan fara ba ku, daga nan mu leƙa waje, sannan mu dawo gida.

A shekarar 2008 akwai wani furodusa a Kano, Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyantama. Tsohon hannu ne a harkar, kuma ya taɓa tsayawa takarar gwamnan Kano a zaɓen 2007. Ya yi wani fim mai suna Tsintsiya, labarin soyayya tsakanin matasa biyu da suka fito daga ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna, a kan rikicin ƙabilanci da na addini. Ofishin jakadancin Amurka ne ya ɗauki nauyin aikin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aka kai fim ɗin bikin fina-finai na Zuma a Abuja, wanda Hukumar Fina-finai ta Najeriya take shiryawa, wato bikin gwamnatin tarayya. Fim ɗin ya ci kyautar wanda ya fi taɓo matsalar al'umma. Aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Da ya dawo Kano a watan Mayu, sai aka kama shi.

To me ya faru? Sai mun ɗan koma baya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007 wani bidiyon tsiraici na wata jaruma ya fita ta wayoyi, gari ya ɗauki zafi, iyaye suka fusata, malamai suka hau mumbari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka fito da sababbin sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka ta fara yanke wa 'yan fim da mawaƙa hukunci nan take. Adam A. Zango ma a wannan shekarar aka ɗaure shi a kan wani kundin waƙoƙinsa na bidiyo. Yawancin 'yan fim suka yi gum, wasu suka tattara suka koma Kaduna. Iyantama yana cikin 'yan ƙalilan da ba su yi shiru ba. Yana fita kafafen yaɗa labarai yana sukar yadda hukumar take tafiyar da aikinta, har ya sanar a fili cewa fim ɗinsa ba na sayarwa ba ne a Kano.

Tuhumar da aka yi masa biyu ce: gudanar da kamfani ba tare da rajista da hukumar ba, da sakin fim a Kano ba tare da hukumar jiha ta tace shi ba. Ya musanta. Ranar 30 ga Disamba 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar naira 300,000. Sai a watan Maris na 2009 ya fito, bayan lauyoyinsa sun ɗaukaka ƙara.

A nan ina so in yi adalci. A takardar kotu, ba a rubuta cewa don bakinsa aka ɗaure shi ba. Kuma fushin da mutanen Kano suka yi a 2007 fushi ne na gaske, ba hukuma ce ta ƙirƙire shi ba. Duk uwar da take da 'ya budurwa a lokacin ta ji tsoro. Amma 'yan fim da yawa da masu bibiyar harkar sun ɗauka cewa da mutumin ya kama bakinsa kamar sauran, da takardun rajistarsa ba su zama abin zuwa gidan yari ba. Ku dai duba lissafin da kanku: fim ɗaya, shekara ɗaya, ƙasa ɗaya. Gwamnati a Abuja ta miƙa masa kambu, gwamnati a Kano ta miƙa shi ga gandiroba.

Abin da nake so mu fahimta yau ke nan. Mu a nan idan muka ji an ce bikin fina-finai, abin da yake zuwa mana a rai shi ne jan kafet, da kwalliya, da hotunan jarumai a Instagram. Muna ɗauka wuri ne da masana suke zama su auna fim kamar yadda ake auna masara a kasuwar Rano, tiya tiya, wanda ya fi nauyi ya ci. Alhali kowane biki rumfa ce, kuma kowace rumfa akwai wanda ya kafa ta, akwai wanda yake biyan kuɗin kujeru. Mai rumfa kuwa yana da abin da yake so a ji, yana da abin da ba ya so a faɗa a ƙarƙashin inuwarsa.

Ku ɗauki manyan bukukuwan Turai guda uku, ku ga yadda aka haife su. Na Venice a Italiya shi ne babban yaya, an fara shi a 1932 zamanin mulkin Mussolini, har babbar kyautarsa sunan Mussolini aka sa mata. A 1938 aka raba wannan kyauta tsakanin wani fim ɗin Italiya da wani na Jamus ta Hitler. Faransawa da Ingilishi da Amurkawa suka ji haushi, Faransa ta ce za ta kafa nata a garin Cannes. An shirya buɗe shi a watan Satumba na 1939, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai a 1946 aka yi na farko. Na Berlin kuma an fara shi a 1951, da shawarar wani jami'in sojan Amurka, a ɓangaren birnin da yake hannun Turawan Yamma, lokacin da ake zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet. Kun ga ashe duka ukun siyasa ce ta yanke musu cibiya.

To yanzu bari mu zo kan ɗan fim ɗin da bakinsa ya fi jawo masa a tarihin waɗannan bukukuwa na baya-bayan nan. Sunansa Lars von Trier, darakta ne ɗan ƙasar Denmark. A watan Mayu na 2011 ya kai fim ɗinsa Melancholia bikin Cannes. A taron 'yan jarida aka yi masa tambaya a kan asalinsa na Jamus. Maimakon ya amsa ya wuce, sai ya shiga wata doguwar raha marar kan gado, har ya nuna wai yana fahimtar Hitler, ya kira kansa ɗan Nazi. A Turai fa, inda aka kashe Yahudawa kusan miliyan 6 a hannun wannan mutumin. Jarumar fim ɗin, Kirsten Dunst, tana zaune a gefensa, duk wanda ya kalli bidiyon ya ga yadda ta rasa inda za ta sa kanta. Ya ba da haƙuri a ranar, ya ce wasa yake yi. Washegari hukumar bikin ta ce ba ta son ganinsa a wurin.

Amma ku lura da abin da suka yi. Shi suka kora, fim ɗin suka bar shi a cikin gasa. Kuma a ƙarshen bikin ita Kirsten Dunst ɗin ce ta ci kyautar jarumar da ta fi kowa, da wannan fim ɗin dai. Bayan shekara bakwai, a 2018, suka sake buɗe masa ƙofa ya dawo da wani fim. Ba a kai shi kurkuku ba. Ba a hukunta ɗaruruwan mutanen da suka yi wahala a fim ɗin saboda wautar mutum ɗaya ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce to ai Turawa sun gama iya adalci. Ku saurari na biyu. A watan Fabrairu na 2024, a bikin Berlin, wani fim na gaskiya mai suna No Other Land ya ci kyauta. A kan yadda sojojin Isra'ila suke rushe gidajen Falasɗinawa ne a yankin Masafer Yatta. Biyu daga cikin waɗanda suka yi shi suka hau dandamali: Basel Adra, Bafalasɗine, da Yuval Abraham, Bayahude ɗan Isra'ila. Adra ya roƙi Jamus ta daina aika wa Isra'ila makamai. Abraham ya yi magana a kan yadda shi da abokinsa suke zaune a ƙasa ɗaya amma doka ba ta ɗauke su daidai ba, ya nemi a tsagaita wuta a Gaza. Zauren ya tafa. Kafin gari ya waye sau biyu, manyan 'yan siyasar Jamus, har da magajin garin Berlin, sun fito suna Allah wadai da abin da aka faɗa a wurin. Ofishin ministar al'adu, wadda aka gani tana tafi, ya fito ya ce ita fa Bayahuden ta tafa wa. Abraham ya ce an yi ta aiko masa da barazanar kisa. Me ya sa 'yan siyasa suke da ta cewa a bikin fim? Saboda kaso mai tsoka na kuɗin bikin daga baitulmalin gwamnatin Jamus yake fitowa. Mai rumfa ya ji abin da ba ya so. A watan Maris na 2025 fim ɗin ya ci kyautar Oscar a Amurka.

Yauwa. Yanzu ga mutum uku a gabanmu: von Trier, da su Basel Adra, da Iyantama. A jarida duk kanun labari ɗaya za a yi musu, a ce ɗan fim ya yi kalamai masu tayar da ƙura. Ni kuwa ina ganin zalunci ne a zuba su a kwando ɗaya. Von Trier ya yi wasa da ciwon mutanen da aka kashe wa iyaye da kakanni. Su Adra da Iyantama masu iko suka fuskanta, waɗanda suke da sojoji ko kotu ko sa hannu a takarda. Wannan ita ce tambayar farko da nake so mu riƙa yi kafin mu danna tura saƙo: maganar nan da ya yi, wa ta taka? Wanda ya fi shi ƙarfi, ko wanda ba shi da bakin ramawa?

Bari in kawo ku kusa da gida. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai bikin FESPACO, tun 1969 ake yin sa, shi ne mafi girma a Afirka. Wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. A 1987 kuma fim ɗin da ya ci sunansa Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ne ya rubuta littafin, darakta Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim. A Nijar aka shirya ɗaukarsa, ai can ne gidan labarin. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché ta janye hannunta kafin a fara. Burkina ta Thomas Sankara ce ta ce ku zo nan, aka ɗauke shi a can, kuma a can ya ci kyauta. Labarin sarauniyar ƙasar Hausa, amma sai da ya tsallaka iyaka ya sami rumfa. Shi ma Sankara ba don Allah kaɗai ya yi ba, fim ɗin da yake fallasa ta'asar Faransa ya dace da tafiyarsa. Ko rumfar da muke so, tana da mai ita.

Shi ya sa na ce ku riƙe maganar ofishin jakadancin Amurka. Idan za mu tambayi wa yake biyan bikin Berlin, dole mu tambayi wa ya biya Tsintsiya. Babu ofishin jakadancin da yake rabon kuɗi saboda tsabar son fim ɗin Hausa. Suna da saƙon da suke so ya isa. Wannan bai mayar da fim ɗin ƙarya ba, ai rikicin ƙabilanci mu ya ci, mu muka binne gawarwaki a Kano da Kaduna da Jos. Amma mai kallo yana da haƙƙin ya san hannun da ya ba da kuɗin, sannan ya yanke wa kansa hukunci. Tambaya ta biyu ke nan: wa ya biya?

Sai ta uku, wadda ta fi ba mu wahala mu matasan yanar gizo: ka ji maganar da kunnenka daga farko zuwa ƙarshe, ko yankin daƙiƙa talatin aka turo maka a WhatsApp? Ka kalli fim ɗin? A nan ne mu mutanen wannan yanki muke da darasi a ƙofar gidanmu. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar za ta gina ƙauyen fina-finai a Kofa, nan maƙwabtanmu a ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka ce zai ci naira biliyan 3. Malamai da dama suka yi huɗuba a kai, kafafen sada zumunta suka kama da wuta, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Buhari ta soke aikin. Ba zan ce malaman ba su da hujja ba, suna da tsoron da suka gina a kan abin da suka gani a 2007. Su ma masu aikin sun yi sakaci, sun taho daga sama ba su zauna da mutane sun yi bayani ba. Amma ku tambayi kanku tsakani da Allah: a cikin dubban da suka yi rubutu a Facebook a wancan makon, na goyon baya da na adawa, mutum nawa ne suka ga tsarin ginin? Mutum nawa ne suka tambayi matasan Kofa da Tiga da Rurum, waɗanda su ne za su yi kafinta da walda da ɗinki da sayar da abinci a wurin, ko kuma su ne za su zauna da duk abin da wurin zai jawo? An yi gardamar a kanmu, ba a yi ta da mu ba.

To ina matsayata? Ga abokina na shagon tura fim da ya ce ɗan fim ya yi shiru ya yi fim kawai: ɗan uwa, babu wannan wurin da kake nufi. Ranar da ya zaɓi labarin da zai ɗauka, ya riga ya yi magana. Ranar da ya karɓi kuɗin wani, ya hau dandamalin wani, ya riga ya shiga siyasa ko bai buɗe baki ba. Ga ɗaya abokin nawa kuma da ya ce yana da baki kamar kowa: haka ne, kamar kowa ɗin. Kamara ba ta ba mutum lasisin taka addinin mutane ko ciwonsu. Wanda ya yi haka a mayar masa da martani, a ƙaurace wa taronsa, mai rumfa ya ce kada ya sake zuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauko kotu da gidan yari a kan mutumin da ya soki hukuma, ko a binne aikin mutum ɗari saboda harshen mutum ɗaya.

Kuma maganar ba ta wuce ba. A watan Mayu na 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan batun kai su a tace, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. A Abuja kuma, tun watan Janairu na 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wato rumfar Zuma da ta karrama Iyantama yanzu ɗan Kannywood ne yake riƙe da ita. A Kano ana yin bikin KILAF na fina-finan harsunan Afirka. Fim ɗin Hausa, Mai Martaba, shi Najeriya ta aika gasar Oscar a 2024. Ma'ana 'yan gida sun fara zama masu rumfa. Gwajinsu zai zo ne ranar da wani yaro ya hau dandamalinsu, ya karɓi kyauta, ya faɗi abin da gwamnan da ya biya kuɗin zauren ba ya so ya ji. Za su kashe masa makirufo, ko za su bar shi ya gama? Kuma mu da muke riƙe da waya, za mu tsaya mu ji me ya ce, ko za mu fara zagi tun daga kanun labari?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Musamman ina so in ji daga 'yan Kofa da Bebeji da suka san abin da ya faru a 2016, da duk wanda ya taɓa kallon Tsintsiya, don wallahi a shagonmu na nan an duba ba a same shi ba. A yi gardama da hujja, ban da zagin iyaye, duk wanda ya yi za mu goge.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.